Jar Saniyar Haliru

Shekarar da cutar bushiya ta shiga garkunan Shagari, shanun Haliru suka ƙare, saura jar saniya ɗaya. Da masu allura suka zo tun farko, daji ya kora garken ya ɓoye, don a wurinsa duk mai motar gwamnati da ke leƙen shanu jangali ya kawo shi, ko da an rantse an soke. Dabarar kakanni ce, ita kuwa ta ci shi.

Bai yi kuka ba. Zama kawai ya koya. Matarsa Daso ta yi ta faɗa masa masu allura sun dawo Lambara, ya kai jar.

"Abin ga kamar majigi na," in ji shi. "Ko sau goma kak kalla, mai mutuwa sai ya mutu."

Ana haka ƙanensa Maniru ya dawo daga Makka da tsarabar da ba ta maganin yunwa: ɗan akwatin wasa mai batir, bai fi tafin hannu ba. A ciki wani ɗan mutum ke son ƙetare rafi, ga wani siririn kiɗa, ba goge ba, ba sarewa ba. Kiɗan ya riƙe Haliru. Ya wuni yana kallo, mutumin na faɗawa ruwa.

"Majigin ga naka ba shi da labari," in ji Haliru. "Kullum nutsewa."

"Yaya, ba kallo akai ba," Maniru ya ce. "Kai ka tahiyad da shi. In ya nutse, hannunka na."

Haliru ya ɗora babban yatsa kan maɓallin. Ya danna, ya kuskure, ya sake. Can mutumin ya taka tudu, kiɗan ya juya zuwa wani sabo mai daɗi da bai taɓa ji ba. Sai tsoro ya kama shi, karo na farko tun mutuwar shanun. Ya ajiye akwatin, ya ɗauki igiya ya nufi turke don ya kai jar wurin masu allura.

Jar na kwance, idanunta na zubar ruwa, yawu ya jiƙa ƙasa. Ya san wannan kwanciya. Ya tsaya da igiyar a hannu, bai ji komai a ransa ba.

"Daso," ya ce, "miƙo min wuƙa, kar ta zama mushe."