Sheƙa a Cikin Jirgin Madam

Shekara biyar Muhsina ta yi a Lyon tana bin kalma guda, wadda Misirawan zamanin Fir'auna ke faɗa in za su yi tafiya a jirgin ruwa. Ta san yadda kalmar ke sauyawa in jiya aka tafi, ko in gobe za a tafi. Ta san in sun nufi kudu sukan ɗaga ƙyallen jirgi iska ta tura su, in arewa ce su naɗe shi ruwa ya ja su. Shafi ɗari huɗu ta zuba a kai. Abin da ta ɓoye shi ne, ita 'yar Tahoua ko kwalekwale ba ta taɓa takawa ba.

Malamarta kuwa, Madam Perrachon, tsohuwa ce mai taurin kai. Ba ta sa hannu a kundin ɗalibi sai ya shiga ɗan jirginta mai ƙyalle a tafkin da ke bayan Vaulx-en-Velin. In babu sa hannun, babu digiri, takardar zaman Muhsina kuma a Oktoba za ta ƙare. Tsoro ya hana ta cin abinci.

Ta hau jirgin ƙasa har Saint-Denis wajen kawunta Alhaji Illiassou, wanda ya shekara talatin yana aika kwantena Cotonou ta bato, wato jirgin ruwa. Bayan gaisuwa ta ce, "Kawu, ƙaƙa mutum ka yi cikin bato?"

"Ni? Ɗiyata, papiye, takardu kawai, nika sa ma hannu. Wallahi ban taɓa ganin bato ido da ido ba."

Ya dai tofa mata addu'a, ya cika ta da kilishi, ita kuma don baƙin ciki ta cinye shi tas a hanya.

Washegari Asabar ita da Madam suka shiga jirgin. Ko minti goma ba a yi ba cikinta ya fara juyawa. Madam na ta zuba zance a kan Kogin Nilu, Muhsina na ta salati. Da ta ji abin ya taso mata, sai jiki ya tuna abin da mahaifiyarta Inna A'i ta koya mata a masussuka: kafin ki ɗaga ƙwarya, ji iska a kunnenki, ki ba ta baya, kada ƙaiƙayi ya dawo miki. Ta rarrafa ɗaya gefen, ta juya, ta amayar da kilishin Alhaji. Iska ta kwashe shi can nesa.

Madam ta duba rigarta, ta gan ta fes.

"Shekara ashirin," in ji ta, "duk wanda ya yi amai a jirgin nan a jikina yake yi. Wa ya koya miki iska?"

Kunya ta kama Muhsina, don mutum goma sha biyu ta gode wa a farkon kundin, babu sunan Inna A'i. Ta ce, "Mahaifiyata."

Madam ta ɗora kundin a kan gwiwa ta sa masa hannu, tun ba su kai gaɓa ba.

Da la'asar ta kira gida, tana dariya tana hawaye, ta kwashe labari duka ta faɗa. Inna A'i ta saurara har ƙarshe.

"To, shekara biyar wurin Nasara, amai kika koyo?"

"A'a, Inna. Wannan ma ke kika koya mini."