Mutanen Gangaren Tudun Kanya

Barci ya ɗauke ni da rana tsaka, ina jingine da gindin darbejiya a maƙabartar cocinmu ta Katolika da ke Tudun Kanya, inda a da bayan gari ne. Jajibirin ranar tunawa da matattu ne, matan zumunta suna ta shara a tsakanin kaburbura. Ni, Irimiya Dankaka, shugaban kwamitin maƙabarta, ban iya ɗaga ko tsintsiya ba saboda abin da ke cin raina.

Gari ya yi girma har ya zagaye mu, gidaje sun matso jikin katanga. Wani dillalin filaye, ɗan cocinmu ne ma, ya nemi a yanka masa gangaren da ke wajen rafi, inda ciyawa ta rufe, ya yi mini alkawarin fuloti. Na riga na gaya wa jama'a babu kowa kwance a can. Abin da ya rage in maimaita haka gobe a gaban Fada, limamin cocinmu, in sa hannu. Alhali kakata tana can.

Cikin barcin sai na ga katangar ta miƙe sama har ta zama ganuwar birni. A bakin ƙofa wani tsoho yana tsaye da sandarsa. Baba Istifanus ne, katikis ɗin da ya koya mini addu'a ina yaro, wanda muka binne shekara talatin da suka wuce.

"Irimiya, ka makara. Biyo ni."

"Baba, ina ne nan?"

"Inda ake sauraron ƙarar waɗanda ba su da bakin kai ƙara."

Muka shiga wani fili mai jar ƙasa. Na ga mutane ɗauke da duwatsun iyaka a ka, wuyansu ya lanƙwashe. Duk wanda ya sauke nasa, sai ƙasar ta zame daga ƙarƙashinsa, ya sake ɗauka yana nishi. Na tambayi Baba su wane ne.

"Masu matsar da iyaka ne taku ɗaya kowace damina, don sun ga maƙwabcinsu ba ya magana. Suna neman inda dutsen yake tun farko, ba su kuwa tuna ba."

Gaba kaɗan ga wasu suna jan gicciyen ƙarfe da ya yi ja wur kamar daga maƙera, ba dama su saki. Su ne masu tumɓuke gicciye daga kan kabari su kai wa masu sayen tsohon ƙarfe. Ga magina da suka cika yashi suka rage siminti a kabarin mijin gwauruwa, suna ta gini yana zubo musu a ƙafa. Ga wani mai ƙiba cikin katafaren gida, yana gudu daga ɗaki zuwa ɗaki, ko'ina ya shimfiɗa tabarma sai a ce masa daga ƙasa, "Malam, akwai mutum a nan."

Wanda ya fi tsorata ni shi ne wani zaure. Dattawa ne zaune a kujeru cikin manyan riguna, ciyawa ta tsiro ta nannaɗe su har wuya, ƙaya tana shiga bakinsu. Duk da haka suna ta cewa, "A bari sai zama na gaba."

"Baba, waɗannan me suka sata?"

"Ba su saci komai ba. An ba su amana suka zauna a kanta. Akuya ta shiga, ruwa ya ci kabari, ɓarawo ya haura, suna kallo."

A ƙarshen layin na hangi kujera ɗaya babu kowa. Na gane ni take jira. Baba ya ja hannuna.

Muka nufi gangaren rafi. Ga mamakina, maimakon mu gangara sai hawa muke yi. Wurin nan da na sani da ƙaiƙayi da macizai ya zama tudu mafi tsawo a birnin, haske yana fita daga cikinsa, ana waƙa da ganga da shantu har ƙasa tana amsawa. Jama'a ce ba iyaka, cikin fararen tufafi.

Baba ya ɗaga sandarsa yana nunawa, murya cike da murna. "Ga Cindo, leburan hanya, shi ne na farko. Sanƙarau ya kashe shi, baƙo ne, aka rasa inda za a sa shi. Wani manomi Musulmi, Malam Barau, ya ce gawa ba za ta yini a rana a gabansa ba, ya yanke kusurwar gonar dawarsa ya ba mu. Daga wannan kusurwa maƙabartarku ta fara. Ga Inna Rifkatu, wadda ta dasa itatuwan da kuke sha wa inuwa, da tulu take ɗebo musu ruwa daga rafi. Ga yaran shekarar ƙyanda, su goma sha tara, ni na haƙa wa yawancinsu."

Yaran suna tsere suna dariya. Na ga kutare da yatsunsu cikakku suna tafi, na ga makauniya tana nuna wa 'yar'uwarta launin sama. Wata murya tana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake kowa ba, duk wanda aka kira sai ya amsa, taron ya ɗauki guɗa.

Sai ga kakata Asabe, ba ta dogara sanda. Na durƙusa, na kasa ɗaga ido.

"Kaka, na ce ba kya can."

"Na ji, Irimiya."

"Idan aka yi gini a kanku fa?"

Ta yi dariya. "Mu? Dube mu da kyau. Ba a kafa mana dutse ba, amma Ubangiji Yesu bai manta sunan ko ɗaya ba. Babu mai iya ƙwace mana komai yanzu. Kai nake ji wa tsoro, jikana. Tashi, har yanzu kana da numfashi."

Waƙar ta ƙara ƙarfi har ta cika kaina, na farka firgigit, rigata jiƙe da gumi, hawaye a fuskata. Rana ta karkata. Matan zumunta sun gama, suna ɗaure tsintsiyoyi. Na miƙe na kira shugabarsu.

"Mama Tabita, kada ku tafi. Ku kawo fartanya da adda, saura gangare. A aika kuma a kira Fada, ina da abin da zan faɗa masa yau."

Ta dube ni. "Gangare, Shugaba? Ai ka ce babu kowa a can."

"Ƙarya na yi, Mama. Ku biyo ni, in fara nuna muku inda kakata take."