Ka Taho Kalgo, Jikinta Ba Daɗi

Ranar Talatar nan tun da na dawo daga sallar asuba na gaya wa matata Rahama cewa wani abu zai faru, ina jin sa a ƙirjina. Ko ɗago kai ba ta yi daga tukunyar kunu ba. Ba laifinta ba ne, kusan kullum haka nake ce mata. Ni mutum ne da in yaro ya yi jinkirin dawowa daga gona sai in fara hango shi kwance a gefen titi. Abin da ban sani ba shi ne daga bakina masifar ranar za ta fito.

Gyaran injin ban-ruwa nake yi a Gwandu. Da hantsi ina tsugune kan injin wani mai albasa daga Malisa, hannuwana duk baƙin mai, sai wayata ta yi ƙara. Abdulgani ne, mijin ƙanwata Lami. A gidansu da ke Kalgo 'yata ta fari, Hafiza, take zaune tana karatu. Ya yi mini doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, har zafin rana sai da ya tambaya. Sannan ya sassauta murya ya ce Hafiza ce jikinta ba daɗi, in da hali in taho yau, amma kada in tayar da hankalina, kuma ba sai na gaya wa uwarta ba tukuna.

Na san irin wannan kiran. Da shi aka kira ni ranar da babanmu ya rasu ina Jega. Ni kaina na sha yi wa mutane shi, domin a wajenmu ba a gaya wa na nesa mutuwa a waya, sai a ce jiki ya yi tsanani, ya taho. Doguwar gaisuwar, sassauta muryar, ɓoye wa uwa, babu abin da ya rage. Ban tambaye shi komai ba. Na ce to, sannan na kashe wayar gaba ɗaya, don kada ta sake ƙara in ji kalmar da kunnena.

A tasha na haɗu da ƙanena Hamidu. Ya gan ni ba hula, takalmi a karkace, ya riƙe hannuna yana tambaya.

Na ce, "Hafiza ta rasu. Abdulgani ya kira yanzu."

Ya saki salati ya zauna a kan benci. Bai tambaye ni yadda aka faɗa mini ba, ni kuma a raina ban ga na ƙara komai a kan abin da na ji ba. Na ce ya kula da gida, na shiga mota.

Kafin mu wuce Kambaza abin ya taso mini. Ƙirjina ya ɗaure, yatsuna suka yi sanyi, numfashi ya ƙi sauka. Na daɗe da sanin sa, ban taɓa ba shi suna ba, ban kuma taɓa gaya wa kowa ba. In ya same ni a fadama nakan tsoma hannuwana cikin ruwan da inji ke fitarwa har ya lafa. A mota babu ruwa, sai na dinga jan tasbihi da gaɓoɓin yatsu. Wata tsohuwa mai kwandon busasshen kifi a gefena ta miƙo mini goro.

Da na isa ƙofar gidan Abdulgani ban ga tabarma ba, ban ga mutane ba, sai akuya tana cin ɓawon rake. Na ce a raina har sun kai ta ba su jira ni ba. Sai Lami ta fito daga zaure da waya a kunne, tana rantse wa wani cewa ƙarya ce. Da ta gan ni ta sauke wayar.

"Yaya Haliru, mi ka gaya wa mutanen Gwandu?"

Ta bayan kafaɗarta na hango Hafiza zaune a bakin ƙofar ɗaki, da ranta, ta lulluɓa da zanen Lami. Na zauna a ƙasa nan tsakar gida ina kallonta.

A tsaye Lami ta ba ni labari, ba ta ko ba ni ruwa ba. Tun da damina Hafiza ke fama da wani abu: haka kawai zuciyarta ta fara bugawa, numfashi ya tsaya mata, ta ce mutuwa za ta yi. Da safen nan ta faɗi a makaranta aka kai ta asibiti. An auna ta, an ce zuciyarta lafiya lau, tsananin fargaba ne da damuwa, yana da magani, a kai ta ga likitan da ya san abin a Birnin Kebbi. Hafiza ce ta dinga roƙonsu kada a gaya mini, ta ce Baba ba zai iya ɗauka ba. Da abin ya kai ga faɗuwa Abdulgani ya ce dole uba ya sani, shi ne ya lallaɓa ni a waya don ya san halina.

Shi kuwa Hamidu liman ya fara gaya wa, liman ya gaya wa jama'a. Kafin azahar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidana, mata sun cika tsakar gida, Rahama ta suma an yayyafa mata ruwa. Sun yi ta kirana, wayata a kashe. Babu wanda ya ga dalilin tambayar Kalgo tunda uban yarinya ne ya faɗa da bakinsa, sai da wata 'yar uwa ta kira Lami ta yi mata gaisuwa. Kafin nan wata ƙawar Hafiza ta riga ta sa hotonta a waya da addu'ar mamaci a ƙasa, yana ta yawo. Hafiza ta dawo daga asibiti kenan ta buɗe wayarta ta gani.

Na matsa kusa da ita. Ba ta yi kuka ba. Ta juyo mini da wayar, na ga hotonta na ƙaramar sallah, da lalle a hannu.

Ta ce, "Baba, duk sa'ad da abin ga ya taso mini, Goggo ke riƙe ni tana cewa ba mutuwa ba ce, zai wuce. Da ƙyar na fara yarda da ita."

Sai na ji bakina yana gaya mata abin da ban taɓa gaya wa uwarta ba, yadda ƙirjina ke ɗaurewa, da ruwan fadama, da abin da ya same ni a mota ɗazu. Ta daɗe tana kallon baƙin man da ke hannuna. Ta tambaye ni tun yaushe. Na ce tun ba a haife ta ba. Ta gyara lulluɓinta.

Lami ta kira Rahama ta ba Hafiza wayar. Daga inda nake zaune ina jin muryar matata tana sa yarinyar ta maimaita sunanta, ta sake maimaitawa. Da aka ce mata ga ni, Rahama ta ce ba yanzu ba.

Washegari Abdulgani ya kai mu Birnin Kebbi. Bayan likitan ya gama da Hafiza, Lami ta tura ni ciki ta ce a duba wannan ma. Na zauna, na amsa duk abin da ya tambaya. Ya koya mana yadda za mu ja numfashi a hankali in abin ya zo, ya sa mana ranar dawowa mu biyu.

Na koma Gwandu ni kaɗai. Na bi gida-gida ina ba da haƙuri, Hamidu yana biye da ni. Wasu sun yi dariya, wasu sun kau da kai. Rahama ta ajiye mini tuwo ta koma ɗaki. Yanzu in aka kira ni aka ce wani ba lafiya, ko muryata na rawa sai na tambaya kai tsaye ko yana da rai.

Hafiza ta ce ba za ta iya shiga unguwar da aka yi mata zaman makoki ba, kowa yana leƙen fuskarta. Tana amsa wayata, gaisuwa kawai, in na tambayi jiki ta ce da sauƙi. Ban sani ba ko za ta zo gida da sallah, kuma ban sani ba ko za ta yarda a kira ni in abin ya sake taso mata.