Man Shafawa da Alwalar Baba Karimou

Kwatano gari ne da ko bangon ɗaki gumi yake yi, amma a nan fatar Baba Karimou ta bushe kamar ƙirgi. Shekararsa talatin da ɗoriya yana dillancin shanu daga unguwar Zongo, bai taɓa sanin wani abu wai shi man shafawa ba, sai da ya haura sittin. Abin ya fara daga bayan hannu, ya hau har gwiwar hannu, ya taɓa goshi da tsakanin yatsun ƙafa. Ga ƙaiƙayi, ga jiki ya yi furu-furu, in ya dunƙule hannu sai gaɓoɓin yatsu su tsage.

Ciwon bai dame shi kamar abin da ya biyo baya ba. Dillali da hannu yake ƙulla ciniki, mutumin masallaci kuma da hannu yake gaisawa bayan sallama. Sai ya lura mutane sun koma dafa ƙirji daga nesa. Badarou mahauci, wanda suka yi shekara ashirin kafaɗa da kafaɗa a sahun gaba, ya koyi riƙe carbi da hannu biyu da zarar liman ya sallame. Butar da Baba Karimou ya taɓa, nan take kwana ba mai ɗauka. Ya ji ƙishin-ƙishin wai wani abu ya kwaso a jikin shanu, wai yana yaɗuwa.

'Yarsa Nimatou, mai aiki a wani biro, wato ofis, a unguwar Cadjèhoun, ita ta matsa har ya hau zemijan, babur ɗin haya, suka je wajen likita. Likita ya juya hannun, ya duba, ya ce ba cutar da ake ɗauka ba ce, fata ce ta bushe, ba ta son wahala kuma. Ya rubuta takarda. A faramasi, kantin magani, wata madam ta ba su kwalba biyu: ɗaya na wanka, ɗaya kirim na shafawa marar ƙamshi. Baba Karimou ya gwada na wankan, ya murza ya murza, ko kumfa babu. Ya ce wa Nimatou an cuce ta, an sayar mata da kunu a kwalba. Ta ce ai rashin kumfar shi ne maganin. Bai gane ba, bai kuma sake tambaya ba.

Matarsa Mamata ba ta yarda da kayan kwalba ba tun farko. Ta aika garin Zugu wajen ƙanwarta aka kawo mata man kaɗanya a ƙwarya, ta ce da shi aka rene su, ba wanda fatarsa ta taɓa tsagewa. Nimatou ta ce a waya ta ga ana fara wankewa, a shafa mai ruwa-ruwa, sannan a rufe da mai kauri. Mamata ta ce mijinta ba tukunyar miya ba ne da za a riƙa zuba masa kaya bi da bi. Shi dai Baba Karimou, don kada ran kowa ya ɓaci, ya shafa na 'yar da safe, na uwar da rana, wani lokaci ya haɗa su a tafin hannu ya shafa gaba ɗaya.

Sati biyu, hannun ya ƙara lalacewa. A da fari ne, yanzu ya koma ja, yana zafi kamar an zuba barkono. Nimatou ta koma faramasi aka canza kirim. Wannan ma haka. Madam ɗin ta yi ta jero mata tambayoyi. Yana sa turare? An hana shi, ya bari. Yana wanka da ruwan zafi? A'a. Yana wanki ko wanke-wanke? Nimatou ta yi dariya, ta ce tsohon da ko hularsa bai san inda ake wanke ta ba. Madam ta ɗaga kafaɗa ta ba da na uku. Mamata ta ce kayan kwalba ne ke cinye shi. Nimatou ta ce wa ya san abin da aka gauraya a man ƙwaryar. Uwa da 'ya suka yi kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa su.

Kowa ya tambaye shi ko yana shafawa, ya ce yana shafawa, kuma gaskiya ya faɗa. Ba wanda ya tambaye shi abin da yake yi bayan ya shafa.

Ranar farko da ya sa kirim ɗin, da azahar ta yi ya ɗauki buta, ya zuba ruwa a hannu, sai ya ga ruwan yana gangarewa ɗigo-ɗigo kamar a kan ganyen gwaza. Karatunsa bai yi nisa ba, amma abu guda da malaminsu na yarinta ya dasa masa a kai shi ne, duk abin da ya hana ruwa taɓa fata ya ɓata alwala, wanda ba shi da alwala kuwa ba shi da salla. Ya so ya tambaya, kunya ta hana shi. Mai furfura, ɗan sahun gaba, ya je yana tambayar alwala kamar sabon shiga? Sai ya yanke wa kansa hukunci. Kafin kowace alwala yakan shige makewayi da sabulun wankin kaya na Mamata da soso, ya dirje hannu da fuska da ƙafa har sai fatar ta yi ƙara a ƙarƙashin yatsa. Sau biyar a yini, ranar da alwala ta karye sau bakwai. In ya dawo daga masallaci ya sake shafa mai, don ya yi wa Nimatou alkawari.

Mamata kuwa ta rasa inda sabulunta ke tafiya. Ta zargi ɓera, ta sa tarko. Daga baya ta koma zargin matar ɗan haya na ɗakin ƙofa, har ta daina amsa mata gaisuwa da fara'a.

Wata Alhamis bayan la'asar Malam Sa'id, limamin masallacinsu, ya yi sallama a ƙofar gida. Bai kai Baba Karimou shekaru ba, don haka ya daɗe yana kewaye-kewaye, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ruwan saman da ya cika kwatar layinsu. Daga ƙarshe ya ce jama'a ne suka aiko shi. Suna roƙon Baba ya riƙa zuwa da butarsa daga gida, in da hali kuma ya ɗan koma ƙarshen sahu wajen taga, har Allah ya kawo sauƙi.

Baba Karimou ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da kwalabe huɗu da ƙwarya da takardar likita, ya jera su a kan tabarma gaban liman.

"Ga su nan, Malam. Likita ya ce ba a ɗauka. Wannan na 'yata ne, wannan na uwarta. Duk na shafa. Ka gaya mini wanda ban yi ba."

Malam Sa'id ya ɗauki kwalba ɗaya, ya juya ta, rubutun Faransanci ne, ya ajiye. Don ya samu abin faɗa, sai ya ce ko ruwan alwala ne ke wanke maganin tun bai yi aiki ba.

"Ruwa? Ai ruwa ba ya fitar da shi. Sai da sabulu da soso."

"Wane sabulu, Baba?"

"Na wanki. Shi ne mai ƙarfi. In ba haka ba ta ina ruwa zai taɓa fata?"

Labulen ɗaki ya motsa. Mamata, wadda ba ta saba sa baki in yana da baƙo ba, ta ce daga ciki, "Malam, tambaye shi sabulun wa."

Liman ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Da ya samu ya daidaita fuska, ya yi bayani a hankali. Abin da ke hana alwala shi ne mai jiki, wanda ke zama a kan fata ya yi ɓawo, kamar fenti ko kakin zuma ko daskararren kitse. Man da aka murza ya shige fata, ya bar santsi kawai, ba ya hana komai, ko da an ga ruwa na gangarewa.

Baba Karimou ya ce to ta yaya mutum zai san ya shige? Ido ba ya ganin cikin fata. Malam ya ce in ya kankara da farce bai ɗebo komai ba, ya shige. Baba Karimou ya lakato man kaɗanya ya shafa a bayan hannu, ya kankara, ya ɗebo. Malam ya ce ai wannan ya yi yawa, kuma yanzu ya shafa. Ya ce to nawa ne bai yi yawa ba, kuma minti nawa ake jira? Malam Sa'id ya ce wannan kam ba ya cikin littafin da ya karanta.

Ana cikin haka Nimatou ta sauka daga zemijan ta shigo. Uwarta ta tare ta a tsakar gida ta zayyana mata komai, har da tarkon ɓera. Nimatou ta zauna a bakin tabarma, ta ɗauki hannun ubanta ta daɗe tana kallo. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce tun ranar farko madam ta ce a shafa kaɗan, kamar ƙwayar gyaɗa, a kan fata mai danshi. Ke nan da ya idar da alwala sai ya shafa, kafin wata salla ta zo ya daɗe da shigewa. Malam ya ce wannan ya yi daidai.

Hakan ma bai kwantar wa Baba Karimou da hankali ba. Ya dubi liman, ya dubi 'yarsa. Yaya aka yi maganar mai sayar da magani, wadda ba ta taɓa riƙe buta ba, ta zo ɗaya da ta malami? Ko dai Malam sassauci yake yi masa don ya ga tsufa? Ya tambaya wanne zai riƙe a cikin biyar ɗin. Nimatou ta ce kirim na farko, tunda ashe ba laifinsa ba ne. Mamata ta ce man kaɗanya ma ba laifinsa ba ne. Aka tsaya a kan kirim da rana, man kaɗanya in zai kwanta, na wanka marar kumfa kuma a ci gaba da shi. Sauran Nimatou ta zuba a jakarta. Maganar ƙarshen sahu, Malam Sa'id ya ce a bar masa.

Da magariba ta gabato Baba Karimou ya tsuguna da buta a tsakar gida. Kirim ɗin da ya shafa bayan la'asar na nan a jikinsa. Ya kankara da farce, bai ga komai ba. Ya kankara kuma. Ya zuba ruwa, ruwan ya gangara, zuciyarsa ta ce bai taɓa ba. Ya wanke sau uku, ya tsaya yana kallon ƙofar makewayi. Ladan ya kira salla yana nan tsugune. Sai ya miƙe, ya lakaci kirim kamar ƙwayar gyaɗa, ya murza, ya fita.

Ya tsaya a wurinsa na kullum, gefen Badarou. A raka'ar farko bai san surar da aka karanta ba, hankalinsa na kan bayan hannunsa. Da aka sallame, Malam Sa'id ya juyo, ya tsallake mutum biyu, ya kama hannun Baba Karimou da hannayensa duka biyu, ya riƙe yadda kowa zai gani. Tsagar yatsun ta yi masa zafi, bai janye ba. Badarou ya yi ɗan jim, ya mai da carbi hannun hagu, ya miƙo yatsu uku. Na bayansu wasu suka miƙo, wasu suka dafa ƙirji.

A hanyar gida bai san ko ya yi sallar nan da alwala ko babu ba. Liman ya ce ta yi, shi kuma ya ga ruwa na gangarewa da idonsa. Ya tarar da Mamata tana kwashe tuwo, ya tsaya a kanta.

"Sabulun nan naki, ki ɗauke shi daga makewayi. Ki sa inda ban sani ba. Ko na tambaya kafin isha'i, kada ki gaya mini."