Tashar Ƙarshe Ta Matsa Gaba

Ƙofar jirgin na rufewa, wani akawu ya jingina kai da taga, ya ce wa duniya sai an jima. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana haka, kuma bai taɓa makara aiki ba. Ba wani ƙwazo ba ne. Ofishinsu yana daf da tashar ƙarshe ta jirgin ƙasan cikin gari, inda wata dattijuwa mai shara ke sa tsintsiya ta dunguri takalmin duk wanda ta tarar yana barci. Ita ce agogonsa.

Yau kuwa da ƙarfe takwas Manaja zai ba shi takardar yabo da ƙarin girma, saboda zuwa a kan lokaci. Da safe matarsa ta tuna masa cewa yau ake buɗe sababbin tashoshi shida. Ya ce ya ji, irin jin da mutum ke yi yana neman makullinsa.

Tsintsiya ta dungure shi kamar kullum. Ya buɗe ido ya ga sabon fenti, ga fili fetal, ga awaki suna kiwo a inda ya kamata ofishinsu ya kasance. Agogon tashar ya nuna takwas da rabi. 

"Iya, ina ne nan?"

"Tashar ƙarshe mana. Ni ma nan aka dawo da ni."

Ya fara yi mata bayanin ƙarin girmansa kamar zai yi kuka. Ta ce ita aikinta tayar da mutane a ƙarshe, ba a tsakiya ba, ta ja tsintsiyarta ta yi gaba. A can ƙuryar taragon ta dunguri wani takalmi mai sheƙi. Mai takalmin ya zabura, ya share miyau a gefen baki, wata takarda mai adon zinariya ta zame daga cinyarsa ta faɗi ƙasa.

Manaja ne.

Suka kalli juna na ɗan lokaci. Akawun ya sunkuya ya ɗauki takardar, ya ga sunansa a jiki. Manaja ya gyara murya.

"Duba sabon layi muka zo yi."

"Aikin ofis ne, yallaɓai."

"Kuma mun iso a kan lokaci. Riƙe abinka."