Ƙulli Na Goma Sha Bakwai

"Warware shi," in ji tsohon. "Wannan ɗinkin keke ne."

Tela ta tsaya a tsakiyar ɗakinsa da almakashi a hannu. Karo na uku ke nan tana lulluɓe masa fiffiken nan da ƙyalle, ɗan fiffiken jirgin sama na katako da bai kai tsawon hannunta ba, yana mayar mata da shi. Mutumin da ko fuskarta ba ya iya gani sosai, amma da ya shafa da yatsa sai ya gano laifi.

Bango ɗaya ne tsakanin shagonta da ɗakinsa. Baba Farfela ake ce masa a layin, don shekara talatin ya yi yana gyaran jiragen yaƙi, kuma tun da ya ajiye aiki bai bar kowa ya huta da zancensu ba. Ƙananan jirage biyu da ya sassaƙa suna rataye a silin: ɗaya mai farfela a hanci, ɗaya jet mai tsinin baki. Gefensu akwai ƙusa ta uku, ba komai a jikinta. Ita ke jiran babban wansu, mai fukafukai sama da ƙasa, irin na farkon zamani.

"Baba, abin da za a rataye ne fa. Ina za shi? Yaƙi?"

"Zauna, 'yata, ki ji."

Ta san in ta zauna ta shiga uku, amma ta zauna.

"Kin ga jet ɗin can? Shi na fi daɗewa ina yi wa aiki. Gudu kam ba a magana, kafin ki ji ƙararsa ya wuce. Amma in ya lalace, akwati za ki ciro ki sa wani akwatin. Wannan gyara ne? Mai farfelar kuwa na ƙarfe ne, in harsashi ya huda shi sai faci da ƙusa, aƙalla hannu ya yi aiki. To shi na ƙyallen, harsashi ratsawa yake ya fita, a kawo allura da zare, gobe ya tashi. Shi ya sa kowane ɗinki da ƙullinsa daban. In ɗaya ya tsinke, sauran suna riƙe. Naki na keke kuwa, a ja zare ɗaya fiffiken ya tuɓe tsirara a sama."

"Wa zai harbe shi a silin ɗinka, fisabilillahi?"

"Ba ruwanki. Warware."

Ta kwashi fiffiken ta fita ko sallama babu, ta wurga shi kan kabad. Kayan makaranta na yara talatin ne jibge a gabanta, ga tsoho yana so ta koma ɗinkin zamanin kakanni. Ta yi alkawari a ranta ba za ta ƙara taɓa shi ba, kuma ta cika alkawarin har kwana tara.

Ran na goma 'yarsa ta leƙo shagon, idanunta sun kumbura. Ashe an kwantar da tsohon a asibiti, sun ce a dawo da shi gida, ba sauran abin da za su yi.

"Yaya, ba ya cin komai. Kwance yake yana tambayata ko ƙusar nan har yanzu haka take."

Tela ta yi tsaki, ta janyo kujera ta sauko da fiffiken. Kwana biyu ta rufe keke da zane. Ta soka allura ta saman ƙyallen, ta zagayo sandar ciki, ta fito, ta ƙulla, ta matsa gaba. Iyayen yara suna zuwa suna faɗa, tana ba su haƙuri da baki, hannunta bai tsaya ba. Yatsanta ya huje wuri uku. Duk ƙullin da ta yi sai ta yi wa tsohon mita a ciki, tana yi tana tsoron kada ta ji kuka ta bango kafin ta gama.

Da hantsi ta kai masa. Ya rame har ta kau da kai. 'Yarsa ta ɗora masa fiffiken a ƙirji, ya bi ƙullin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa suna motsi.

"Na goma sha bakwai ya yi sako-sako."

"Baba! Wallahi tallahi ka ishe ni! Kwana biyu ban taka keke ba!"

Ya yi dariyar da ta ƙare da tari. "Amma zai tashi," ya ce. "A rataya."

'Yar ta haɗa fiffiken da jikin jirgin, ta hau tebur ta rataye shi. Ya kwanta yana kallon wajen, ko me yake gani oho. Tela ta koma shago tana huci, tana cewa ba abin da ya sami ɗinkinta, neman magana ne kawai.

Washegari da rana tsaka kukan ya ratso bangon. Ƙafarta ta tsaya a kan keken, ta daɗe ba ta ɗaga ta ba.

Bayan kwana uku, da mutane suka ragu, ta roƙi 'yar ta buɗe mata ɗakin. An naɗe katifar, tabaransa yana kan taga. Ta hau teburin, ta sa yatsa ta fara ƙirgawa daga tushen fiffiken. Sha biyar, sha shida. Na goma sha bakwai ya motsa a ƙarƙashin farcenta.

"Kai, tsohon nan," ta ce.

Ta zaro allurar da ke maƙale a gefen mayafinta, ta lashi bakin zare. Sau uku tana kuskuren kafar allurar kafin ya shiga. Ta ƙulla, ta ja da kyau, ta gatse ragowar da haƙori.

Da ta sauko, 'yar ta kunna fanka. Jiragen uku suka fara juyawa a hankali, na ƙyallen ya riga sauran, don ya fi su rashin nauyi.