Ranar da Yaya Ta Ƙi Magana

Auta bai taɓa cin Yayarsa a wasan jera kalmomi ba, ko da sau ɗaya don a ce an yi. Ga shi mutum da gemu har ya fara furfura, ga shagon ɗaukar hoto nasa na kansa, ga mata, ga 'ya'ya har da wanda ya kere shi tsawo. Amma da zarar Yaya ta shimfiɗa allo ta girgiza jakar haruffa, sai ya koma yaron nan da take share wa majina. Ita ta koya masa wasan, kuma tun ranar take lallasa shi ba tausayi. Abin haushin ma, a waje tsoronsa ake ji. Akwai gwanayen da in an haɗa su da shi a gasa sai cikinsu ya ɗuri ruwa. Ita kuwa in ta gama da shi sai ta kwashe haruffa ta ce, "Ka yi ƙoƙari, Auta," da irin muryar da ake yaba wa yaron da ya cinye abincinsa.

Bana sai ga matsala. Idon Yaya ya fara yana, har sai ta sunkuya hancinta ya kusa taɓa allo kafin ta gane harafi. Ta sanar da dangi cewa gasar bana ce ta ƙarshe, daga ita za ta naɗe allo ta ba jikarta, ba ta ƙara wasa a gida ko a waje. Kowa ya tausaya mata. Auta ma ya tausaya, amma gaskiya kansa ya fi tausaya wa. In ta ajiye wasa bai ci ta ba, haka zai shiga kabari da abin a maƙogwaronsa.

Saboda haka ya duƙufa. Ƙamus a kan kantar shago, ƙamus a gefen injin wanke hoto, allo a shimfiɗe a kan bencin da masu jira ke zama. Wata rana ya zaunar da wani dattijo gaban farin labule, ya gyara masa kafaɗa, ya ce kada ya motsa, sannan wata kalma ta faɗo masa a rai ya tafi dubawa. Sai da dattijon ya yi magana ta gefen baki ya ce wuyansa ya ƙage.

An yi gasar a wani zauren taro da ke saman bene, mai teburan roba jere da fankoki da ke juya iska mai ɗumi. Masu shirya gasar sun roƙi Auta ya riƙa ɗaukar musu hotuna tsakanin wasanni, don haka kyamararsa na ƙarƙashin kujerarsa duk inda ya zauna. Ya ci wasanninsa, Yaya ta ci nata, sai ga su a zagayen ƙarshe a tebur na farko, fuska da fuska. 'Yan kallo suka kewaye su bayan igiya. Matarsa ta samu wuri a gaba, ta rungume jakarta a ƙirji.

Wanda bai san wasan ba, ga yadda yake. Kowa na riƙe da haruffa bakwai, yana jera kalma a allo yana samun maki. A bakin allon akwai jajayen gidaje, kalmar da ta hau ɗaya makinta ya ninku sau uku. Sai agogo mai fuska biyu a gefen tebur. In ka jera kalmarka, ka faɗi makinka, sai ka danna maɓallinka, lokacinka ya tsaya, na abokin karawarka ya tashi. Muddin ba ka danna ba, kai ne da wasa, kuma lokacinka ne ke zuba. Wanda ya cinye lokacinsa ya zarce, kowane minti ana yanke masa maki goma. Ɗan kallo kuma ba shi da bakin magana, ko gobara ya hango a allon.

Wasa ya yi nisa, Yaya na gaba kamar kullum. Auta ya riga ya ƙona yawancin lokacinsa wajen tunani, don da ita ba a garaje. Ya duba haruffansa ya ji kamar ya yi kuka: M biyu, U biyu, da S, da H, da I. Tarkace kawai. Sai Yaya ta sunkuya ta jera wata kalma daga sama zuwa ƙasa, wutsiyarta, harafin R, ta sauka a layin ƙarshe na allon, tsakanin jajayen gidaje biyu.

Auta ya kalli R ɗin. Ya kalli tarkacensa. Ya sake kallon R. Ya ƙirga gidajen da ido, ya sake ƙirgawa da leɓe. Daga jan gida na kusurwa zuwa jan gida na tsakiya, gida takwas cif. Ya fara ajiyewa, M, U, ya tsallake R ɗin Yaya, M, U, S, H, I.

MURMUSHI. Haruffa bakwai duk sun fita, jajayen gidaje biyu a ƙarƙashinsu, uku sau uku, ga ladan ƙarar da haruffa a kai. Akwai waɗanda suka tsufa a wasan nan ba su taɓa yin irinta ba.

Zauren ya ɗauki "Kai!" gaba ɗaya, alƙalin wasa ya ɗaga hannu a yi shiru, shi ma bakinsa a buɗe. Auta ya faɗi makinsa da ƙarfi kamar mai shela, ya miƙe tsaye, ya zauna, ya sake miƙewa. Sai ya tuna da kyamara. Ai wannan ba abin da za a bari ya wuce ba ne.

"Yallaɓai alƙali, hoto ɗaya kawai. Don tarihin gasa."

Alƙali ya buɗe baki, ya kalli gefen tebur, ya rufe bakinsa. Auta ya ɗauka izini ne. Ya ɗauki hoto daga sama, bai yi masa ba, hasken taga na ƙyalli a kan haruffan. Ya koma gefe. Ya durƙusa. Ya roƙi wani dogo ya matsa don inuwarsa ta faɗo a kan H. Mai sana'a ai ba ya hoto ɗaya. Da ya gamsu sai ya zauna, ya ɗebi sababbin haruffa, ya harɗe hannuwa, ya zuba wa Yaya ido baki har kunne.

Yaya ba ta motsa ba. Hannuwanta na ƙarƙashin tebur, idonta na kan allo.

Daɗi ya kama Auta kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. Yau ga Yaya ta rasa abin yi! Matar da ke wasa kafin ka janye hannu, ita ce ta yi tsuru-tsuru. Ya ce a ransa, zauna nan ki ƙone lokacinki. Ya gyara zama, ya shafa gemu. Can ya ji matarsa ta yi tari. Ya waiga ya ɗaga mata gira. Ta sake tari mai ƙarfi, tana zare masa ido. Ya sa hannu a ƙirji ya ɗan rusuna mata, alamar ya karɓi gaisuwa. Ta soma tari ba ƙaƙƙautawa har da buga ƙafa, sai da alƙali ya je ya ce in ba za ta daina ba ta fita ta sha ruwa.

"Yaya," in ji Auta cikin tausasa murya, don yau shi ne mai tausayi, "ki yi tunani a tsanake. Ba sauri."

"Ai ba na sauri," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Wani a cikin 'yan kallo ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na rawa. Auta ya ji daɗin hakan ma. Sai ya ce bari ya ga nawa ya rage mata, ya juya ya kalli agogo.

Lambobin ɓangarenta a tsaye suke cak. Nasa ne ke tafiya. Sun cinye, sun wuce sifili, sun koma ja suna hawa.

Ya kai wa maɓallin duka har agogon ya yi tsalle. Kafin ya sauke hannu Yaya ta fito da nata hannun, ta jera kalmar da tun tuni take shirye da ita, ta faɗi maki, ta danna. Sauran wasan a guje ya yi shi, zufa na ɗiga a kan allo, yana jefa duk kalmar da ta zo hannu, harafi ɗaya ma ya faɗi ƙasa ya bi shi da rarrafe. Duk da haka, da jaka ta ƙare, shi ne a gaba a allo, kuma da rata. Sai alƙali ya zo ya duba agogo, ya yi ta yanka goma-goma, har ratar ta narke ta juya. Yaya ta ci da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Mutane suka watse zuwa wajen ba da kofi, suka bar su biyu a tebur. Ran Auta ya ɓaci sosai.

"Kina gani fa, Yaya. Kina gani kika yi shiru. A gida sau nawa kike ce mini, Auta danna agogo?"

"Ba adadi."

"To yau me na yi miki?"

Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta daɗe tana gogewa.

"A gida ina tuna maka ne don na san ko na tuna maka zan ci ka," ta ce. "Yau da ka ajiye harafin ƙarshe, na duba allo, na duba abin da ke hannuna, na san ta ƙare mini. Ba ni da sauran dabara sai agogon nan. Ka ga na sa hannu a ƙarƙashin tebur? Rawa yake yi. Tsoro na ji."

Auta ya matso kusa da ita.

"Tsoron wa?"

"Kada ka sa ni maimaitawa, Auta."

"A'a, Yaya, don Allah. Tsoron wa?"

"Naka, ja'iri. Tashi ka ba ni wuri."

Kujerarsa ce ta fara faɗuwa. Kafin a ce me, Auta ya isa wajen alƙali ya kama hannunsa biyu yana girgizawa. "Ka ji abin da ta ce? Tsorona ta ji!" Ya faɗa wa dogon da ya matsa masa. Ya faɗa wa mai hular nan, ya faɗa wa wasu da aka fitar tun zagayen farko, waɗanda ba su san ma me ake ciki ba. Ana kiran Yaya ta hau ta karɓi kofi, ana tafi, shi yana bin tebur-tebur yana ba da labari, dariya na cin sa, hawaye na bin gemunsa.

Matarsa ta cim masa, ta ja hannun rigarsa, muryarta duk ta dushe da tari.

"Baban yara, ka dawo hayyacinka. Kai fa aka ci."

"Na sani," ya ce, yana share ido da bayan hannu. "Amma sai da ta ɓoye hannunta."